Ragowar Furar Tsoho

Shekarar da amai da gudawa suka shigo Moriki, mijina yana Kaura Namoda da motar gyaɗa, ni ke gida da mahaifinsa. Tsoho ne mai barkwanci, haƙoransa biyu, da su yake yi wa goro barazana. Shi ya fara kamuwa a gidanmu.

Duba-gari ya zo ya toge a zaure, ya ce kada kowa ya ci abin da tsoho ya taɓa. Maƙwabta suka ce maganar asibiti ce, wa ya taɓa ƙyamar uba? Ni ma ban ƙyamace shi ba, ni ke wanke tufafinsa, ni ke dama masa fura. Ragowa kawai nake tsoro.

A wurinmu tsoho ba ya shanye ƙwarya. Yakan rage ya miƙa wa jika, albarka ce, kuma ba a mayar da hannunsa. Jikar da ya fi so 'yata ce ta fari, wadda yake kira matarsa don wasa. 'Yar fari kuwa uwa ba ta nuna mata so a gaban surukai. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke".

Wata rana da hantsi ya ɗan ji dama, ya kurɓi fura, ya leƙo ƙofar ɗaki.

"Ina matata? Taho ki amshi naki."

Ta taso da gudu. Ina bakin murhu ina kallo. In na yi magana na ci mutuncin uban mijina. In na yi shiru, a makon nan aka fita da gawar yaro daga gidan bayanmu. Ta kama ƙwaryar da hannu biyu, ta ɗaga.

Sai na ji na ƙwala kiran sunanta, har kaji suka watse.

Ta tsaya cak. Tsoho ya dube ni, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Can ya karɓi ƙwaryar, ya tuttular da furar, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

"Ashe kin san sunanta," in ji shi. "Tahi da ita, ɗiyata, ki wanke mata hannu."

Bai sake kiranta ba. Daga ranar duk furar da na kai masa sai ya shanye tas, ko da cikinsa zai dawo da ita, don kada yarinyar ta ga ragowa ta yi kuka. Haka ya yi ta yi har ranar da ƙwaryar ta dawo mini cike.