Baba Maiwada da Rigar da Ya Ƙi Naɗewa

Kafin rana ta fara gasa Riyad, Baba Maiwada ya riga ya baro ɗakinsa na unguwar Manfuha, ya shiga motar ma'aikata, ya isa filin atisaye. Aikinsa kula da kayan 'yan ƙwallo ne a wani kulob da ba ya cikin manya. Ya zuba jesi da safa a injin wanki, ya kankare taɓon takalma ya shafa musu mai, ya yi guga, sannan ya bi ɗakin canza kaya yana rataye wa kowa rigarsa a mazauninsa. Shekara ashirin da wani abu yana wannan. Kyamara ba ta taɓa tsayawa a kansa ba, sai dai in ya gitta bayan koci da kwandon wanki. Yanzu da ya ajiye aiki zai koma Gusau, wallahi bai kamata a bar shi ya tafi shiru ba.

Labarinsa ba ya cika sai an kawo na Duarte, ɗan bayan da aka ɗauko daga Fotugal a 2013. Dogo ne, mai tabo a gira, ya gama zaga ƙananan ƙungiyoyin ƙasarsu, shekarunsa sun haura talatin. Shi ma irin Baba ne, don ɗan baya ba a tuna shi sai ranar da ya yi kuskure. Sunan ya gagari harshen Baba, sai ya ce, "Kai daga yau Dawuda kake." Haka sunan ya bi shi. Hirarsu guntun Larabci ce da guntun Turanci, abin da ya rage hannu ya ƙarasa.

A kakar wasansa ta biyu ya yi tsalle ya tare ƙwallo, ya sauko a karkace, jijiyar gwiwa ta tsinke. Aka yi tiyata. Gurbin 'yan wasan ƙasashen waje a kulob kaɗan ne, sai aka cire sunansa aka ɗauko wani. Matarsa ta koma gida da yara saboda makaranta. Ya rage daga shi sai sanduna biyu a wani bene a unguwar Malaz. Jabiru, direban da ke kai shi gashin ƙafa, ya ce akwai ranakun da zai yi ta buga ƙofa, mutumin yana ciki, amma ba zai buɗe ba. Kowa ya yanke cewa ƙwallon Dawuda ta zo ƙarshe.

Banda Baba. Jesi mai lamba huɗu, wadda ba mai sa ta, kullum sai ya kakkaɓe ta ya goge, ya rataye a mazaunin Dawuda, ga takalma a ƙasa suna sheƙi. Mudirin kulob, wato manaja, wanda iƙamar Baba, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke hannunsa, ya gani ya ce, "Halas, ya isa haka, ya Maiwada. Zuba kayan nan a kwali." Baba ya ce to. Washegari riga tana nan inda take.

"Baba, ka rufa wa kanka asiri," in ji Jabiru. "Mutumin nan in ya fusata, jirgi zai sa ka."

"Haba Jabiru, ai ban yi masa musu ba. Kwalin ne ban samu ba."

Kwalaye kuwa ga su nan jibge a sito! Mudir ya maimaita har ya gaji, ya koma harara kawai.

Wata rana bayan La'asar sai ga Dawuda ya dogaro sandunansa ya shigo ɗakin canza kaya. Ya riga ya yanke shawarar raba gari da kulob da ƙwallon gaba ɗaya, ya zo kwashe kayansa ne. Ya tsaya turus. Riga a rataye, ko ƙura babu.

"Baba, wa zai sa wannan?"

"Mai ita."

"Ni na gama. Ka naɗe ta."

Baba ya ajiye dutsen guga ya dube shi. "Ɗana, a wajenmu kayan mamaci ake naɗewa a kulle. Kai gwiwa ce kawai."

Jabiru, wanda yake tsaye a bakin ƙofa, ya ce ƙaton mutumin nan ya zauna a benci ya rufe fuska da rigar, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya ci gaba da gugarsa. Washegari da Jabiru ya isa Malaz, a bakin titi ya tarar da Dawuda yana jiransa.

An sha wuya, amma kaka ta zagayo ya dawo fili, ya ƙara buga shekara uku. Shi ne ya sa kai ya fitar da ƙwallo daga kan layin raga a wasan da ya hana kulob faɗawa rukunin ƙasa. Jaridu suka yabi wanda ya ci ƙwallo. Da ya rataye takalmi aka riƙe shi mataimakin koci.

Kai ne, Baba, ka ga mutum a inda kowa ya ga gurbi. Kai ne ka yi kasadar rasa hanyar abincinka saboda wanda ba ku haɗa ƙasa ko alƙibla ba. Dattijon arziki, mai hannun da ba ya gajiya, ba ka taɓa buga ƙwallo ba, amma shekara ukun nan taka ce.

Ranarsa ta ƙarshe, Baba ya tuɓe rigar aikinsa mai ruwan toka, ya fara ninke ta zai miƙa sito. Dawuda ya fizge ta daga hannunsa, ya warware, ya rataye a mazaunin da Baba ya saba rataye masa jesi. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya ce, "Kayan mamaci ake naɗewa, Baba." Wannan karon dattijon ne ya nemi benci.

Mun gode, Baba Maiwada. Allah ya saka da alheri, ya kai ka Gusau lafiya, ya ba ka masu kula da kai yadda ka kula da na wasu. Mu kuma da muka rage a unguwannin Manfuha da Gubaira, kowannenmu ya san wani da ciwo ko rashin aiki ya kwantar, aka daina kiran sunansa. Muddin yana numfashi, don Allah kada mu naɗe masa riga.