Martanin Kawu Bala Sai Ya Kwana

Duk wanda ya zauna da Kawu Bala a Jikwoyi ya san ba a faɗa masa magana ya rama nan take. Sai dai ya zuba maka ido, ya gyara zaman hularsa, ya juya ya tafi gida. Kai kana ganin ka ci bulus. Washegari kana tsaka da karin kumallo za ka ji sallama, ga Kawu tsaye a ƙofa da amsarka. Yayan mahaifiyata ne, a gidansa na zauna lokacin da na fara aiki a Abuja, don haka yawancin amsoshin nan a gabana aka dafa su. Ina jin sa a tsakar gida yana gwada su shi kaɗai, har da nuna yatsa.

Wata rana a motar Nyanya kwandasta ya ce masa, "Baba, matsa mana, nan ba falon gidanka ba ne." Kawu ya matsa. Da safe ya sa babbar riga, ya tafi tasha, ya bi motoci har ya gano mutumin.

"Da falona ne, ai ko bakin ƙofa ba za ka taka ba."

Kwandasta ya dube shi sama da ƙasa. "Oga, wane falo? Za ka tafi ne ko ba za ka tafi ba?"

Kawu ya dawo gida yana murmushi, ya ce mana ya kashe bakin yaron.

Matarsa, Gwaggo Hajara, ta daɗe da sabawa. Ta taɓa ce masa hular da ya yi ritaya da ita daga ma'aikata ita ma ta cancanci fansho. Sai da aka yi kwanaki, muna cin abinci, ya ajiye cokali ya ce, "Hular nan ta fi wasu haƙuri." Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Sai yanzu ta iso? Gosulon Nyanya ta biyo ke nan."

Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne. Babban ciwon Kawu shi ne Alhaji Inuwa, mai sayar da tayil a kasuwar Karu. Kawu Bazazzage, Alhaji Bakano, kun san wasan da ke tsakani, ba a fushi kuma ba a ragawa. Kullum bayan la'asar suna kan benci ɗaya a ƙofar masallaci, kullum Alhaji ne da nasara, don shi bakinsa ba ya jiran gobe. Kawu ya sha gaya mini cewa burinsa ɗaya kafin ya bar duniya, ya rufe bakin Bakanon nan a take, a gaban mutane.

Akwai lokacin da Alhaji ya ce masa, "Ku Zage-zagi, boko har wuya, aljihu kamar an share." Kawu ya haɗa amsa mai kyau, ya zo washegari aka ce ai Alhaji ya tafi Umara. Haka ya riƙe ta yana ta zumuɗi. Ran da Alhaji ya dawo, gida cike da 'yan sannu da zuwa, Kawu ya kutsa ya buɗe baki, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Bar ta, Bala. Tun a Makka na yafe maka."

Sai kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kawu, bakin ya tafi gaba ɗaya. Likita ya ce kada mu sa rai sosai. Kowa ya zo dubiya sai ya rage murya, ban da Alhaji Inuwa. Shi kullum zai ja kujera ya ɗora daga inda ya tsaya. Gaskiya na ji haushinsa, har na tare shi a waje.

"Alhaji, don Allah a tausaya masa."

"'Yata, in na tausaya masa zai san an cire rai da shi," in ji shi.

Wata Juma'a ɗaki cike da mutane, Alhaji ya shigo ya ce, "To, mun gode wa Allah, yau dai an samu Bazazzage ɗaya da ya iya shiru."

Muka ga leɓen Kawu yana motsi. Da ƙyar, kalma na jan kalma, ya ce, "Jira nake... ka faɗi... mai ma'ana."

Ɗaki ya fashe da dariya, Gwaggo tana dariya tana kuka. Alhaji ya matso da kujerarsa. Ya kama hannun Kawu ya ce, "Ba ni da amsa, Bala. Wallahi ba ni da ita."

Kawu ya miƙe har ya koma zuwa masallaci da sanda, ya ƙara shekaru kaɗan kafin Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki Alhaji Inuwa ne ya riƙa tare duk wanda ya shigo yana ba shi labarin yadda Kawu ya kayar da shi, da alfahari kuwa. Da ya zo kan maganar Kawu sai ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi amsa cikin sauƙi a inda ake tambaya. Allah ya ba Gwaggo da amininsa haƙurin rashi.