Masallacin Yaya Ilu a Hanyar Abalessa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Iliyasu makwancinsa a nan Tamanrasset. Yaya Ilu muke ce masa. Shi ya riga ni barin Damagaram, shi ya kira ni na zo na buɗe shagon atamfa a kasuwa. Amma shi bai taɓa iya zaman shago ba. Kuku ne na motocin da ke kai Nasaru yawon buɗe ido cikin duwatsu, kuma in ka ga ya kwana uku a gari, to ba shi da lafiya.

Girkinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, Allah Ya gafarta masa. Burodin da yake gasawa cikin yashi kan fito da tsakuwa, baƙi su tauna su ce daɗi, shi kuma ya yarda. Abin da ya iya shi ne jera duwatsu. Duk inda ayari ya yada zango, kafin ya hura wuta sai ya share wuri, ya tsinto duwatsu ya kewaye shi, ya fitar da ɗan lungu wajen gabas. Ba bango ba rufi, amma masallaci ne. Makiyaya sun daɗe suna yin haka, wurinsu ya koya.

Wanda ya fi ƙauna yana hanyar Abalessa, bayan an wuce Outoul, gindin wata itaciyar ƙaya inda suke cin abincin rana kafin su ƙarasa tsohon kabarin sarauniyar Buzaye. Kowace tafiya sai ya ƙara masa dutse, baƙaƙe a gefe, farare a alƙibla. Da baƙin suka daina zuwa, shekarun da tsoro ya rufe hanyoyi, yakan roƙi masu motar lambu su rage masa hanya don kawai ya je ya share shi. Cikin waɗannan shekarun ciwo ya kama shi. Bai ga dawowarsu ba, kuma wannan na damuna har yau.

Yanzu sun dawo, har da 'yan ƙasar nan daga arewacinta, kowa da waya a hannu. Ɗansa Sani ya zama direba kuma ɗan jagora. Kyan ɗa ya gaji ubansa, na yi murna. Sai bara wani abokin cinikina ya nuna mini hoto a wayarsa, wai masallacin ayarin gishiri ne na zamanin da, kowa zuwa yake ya gani. Na duba, na ga ƙayar, na ga fararen duwatsun. Na yi dariya har na yi tari. Yaya Ilu da ko gidan kansa bai gina ba, ga shi ya zama kayan tarihi.

Dariyar ta tsaya ranar da na je da kaina. Rabin fararen duwatsun babu. Mai zuwa in ya ji abu ya tsufa, sai ya so ya kai gida, kowa ya jefa ɗaya cikin jaka. Lungun alƙibla ya kusa shafewa, in aka ƙara damina ɗaya a haka ba mai gane inda gabas take.

Na sami Sani a gida yana wanke mota. Na tambaye shi wa ya ƙago wannan labari. Ya daɗe yana matse tsumma kafin ya ce shi ne.

"Baba, in na ce ubana kuku ne ya jera su, wa zai tsaya? Ni so nake a tsaya wurinsa, ko da minti biyar ne."

Na zo da faɗa cike da bakina, na rasa inda zan sa shi. Yaron ba kuɗi yake nema da ƙaryar ba, kewar ubansa ce. Na ce masa, "Ɗana, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Suna tsayawa, amma da shi suke tafiya. Zaɓi ɗaya, ko a yi ta kallonsa har ya ƙare, ko a manta da shi ya zauna."

Na sha tambayar kaina abin da Yaya Ilu zai ce. Na san zai fara da dariya, don mutum ne mai son a yabe shi, kada in ɓoye muku. Zai so hoton, zai ce a tura wa mutanen Damagaram. Amma da ya ga an ɗebe alƙibla, wallahi ba zai ci abinci ba ranar.

Sani ya faɗa wa sauran 'yan jagora gaskiya. Sun yi masa tsiya mako guda, suka nemi wani wurin tsayawa. Motocin baƙi yanzu wucewa suke da gudu. Mu biyu muka koma muka cike giɓin da duwatsun da muka samu, ba su kai nasa fari ba. A hanyar dawowa na san abin da Sani ya rasa, ba mai ƙara tsayawa wurin ubansa.

Me ya rage na Yaya Ilu? Ba suna, don ba a rubuta shi ko'ina ba. Watan jiya ina dawowa daga Silet da azahar, na hangi motar tumatir a gindin ƙayar. Direban, wani dattijon Buzu, ya tuɓe takalmansa a wajen layin duwatsun, kamar mai shiga ƙofa, yana salla a ciki. Na jira ya sallame, muka gaisa da Hausa, na tambaye shi ko ya san wanda ya yi wurin.

Ya ce, "Oho, wani bawan Allah ne. Duk sanda na tsaya ina sa shi a addu'a."

Na ce masa ya ci gaba, sunansa Iliyasu.