Salwar Yaya

Salwar tawa ce. Na fara da wannan domin a gidanmu na Abakpa kowa ya manta. Wani mai kawo mana itace daga Katabu ne ya ciro ta daga tarko, ƙafarta ta hagu tana lilo, ya miƙo mini ita don ya ga ni kaɗai ne ban ce a yanka ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, Baba yana aikin akawu, ni kuma ina firamare, yaron da ba ya iya gaida baƙo sai ya sunkuyar da kai.

Na fere sillen kara siriri, na shafa mata man kaɗanya, na ɗaure ƙafar da zaren ɗinkin Inna. Ɗaurin farko ya yi tsauri, yatsunta suka yi sanyi, sai na kwance na sake. Na sa ta a kwando kusa da tabarmata. Ina karatu tana kallona da ido ɗaya, kuma ban taɓa samun abokin zama da ya yi mini daidai haka ba.

Ana nan sai yayana ya faɗo daga keken Baba ya karye a ƙauri. Shi mutum ne mai surutu da dariya, duk unguwa ta san shi. Aka ɗauko mai ɗori daga Rigasa. Da ya gama ɗorin sai ya nemi a kawo kaza, domin a al'adarsa yakan karya ƙafar kaza ya ɗora ta tare da majinyaci, ranar da ta taka shi ma zai taka. Inna ta ce akwai wata tsuntsuwa da ta riga ta karye. Ya duba ɗaurina, ya ce ta wadatar, amma a ajiye su ɗaki ɗaya.

Haka kwandon ya koma ɗakin Yaya. Ba wanda ya tambaye ni.

Aikin dai bai bar hannuna ba. Ni nake tono gara a bayan gida kafin in tafi makaranta, ni nake sauya mata ruwa, ni nake duba zaren. Amma ina fita sai su wuni tare. Yaya yana yi mata fito, yana zuba mata tsaki a tafin hannunsa. Masu zuwa dubiya kuwa sai ka ji suna cewa, "Ya jiki? Ya kuma salwar taka?"

"Da sauƙi, ni da amaryata," in ji shi, ɗaki ya ɗauki dariya.

Wata rana na dawo na tarar da ita kwance a ƙirjinsa, ta lumshe ido. Ni ba ta taɓa yarda ta yi barci a hannuna ba. Na ce, "Yaya, za ka goce mata ɗauri."

"Kai malam ƙarami, kishi kake yi da gurgu? Zo ka karya taka ƙafar mana, sai ta so ka."

Na koma ɗakina na buɗe littafi, na daɗe a shafi ɗaya.

Ni na fara ganin ta taka. Da safe ne, na kwance zaren, ta dafa ƙasa, ta ɗingisa, ta sake dafawa. Na kira Inna. Ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo, kowa yana yi wa Yaya barka. A makon nan shi ma ya miƙe da sanda.

Da ya fara fita tsakar gida sai ya ce, "To, ɗauki abarka, ta gama aikinta." Na rungumi kwandon na mayar gefen tabarmata, na zuba mata gara mafi kyau da na samu. Ta ci ta ƙoshi. Sannan ta tsallake bakin kwandon, ta ratsa tsakar gida a kan ƙafar da na ɗora da hannuna, ta tsaya a ƙofar Yaya tana jira ya yi fito.

Har ta mutu, a gidan ana ce mata salwar Yaya. Ni ban taɓa kiranta haka ba.