Tsoho a Bakin Igiyata

Kowa a unguwarmu ta Longsight ya san labarin, kuma kowa ya san shi ba daidai ba. Wai tsohon Baturen da nake kula da shi ya zame a matakalar bene, ni kuma na yi wuf na cafe shi kafin ya kai ƙasa. Ummata ta ba da labarin a shagon mai nama, ta ba da shi a masallaci, ta kira Kumasi ta ba ƙanwarta. Ofishin da suka ɗauke ni aiki har kati suka aiko min. To, ban cafe kowa ba. Mutumin da ko kafaɗarsa ban kai ba, ta ina zan cafe shi? A igiya ya rataya, igiyar kuma a ƙuguna take, kuma da yardata aka ɗaura ta.

Shekarata ashirin da ɗaya. Na gama sakandare, ban shiga jami'a ba, na kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aka tura ni wani gida a Salford, ƙarfe tara na safe zuwa ɗaya: magani, karin kumallo, shara, abincin rana. Mai gidan ya haura tamanin, shi kaɗai yake zaune. Abin da ya yi a duniya shi ne hawan dutse, irin duwatsun nan da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, inda mutum zai yi wata biyu a tanti. Ya hau, ya ɗauki hotuna, ya sauko ya rubuta littafi, ya sake komawa. Ranar da na fara cire masa safa na ga yatsu biyu ne kacal a ƙafarsa ta hagu. Na ce, me ya cinye sauran? Ya ce sanyi. Na ce, kuma ka koma? Ya ce sau huɗu.

Ya so in riƙa kiransa da sunansa, na ce bakina ba zai ɗauka ba. Baba nake ce masa, ya saba. Ban raga masa ba kuwa. Na gaya masa shayinsa kamar ruwan wankin kwano, na gaya masa rigar sanyinsa ta girme ni, a jefar da ita. Dariya yake yi, ya ce ya daɗe bai ga mai baki irina ba.

'Yarsa ɗaya ce, a Birmingham take. Ta riga ta nema masa ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita, shi kuma ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Suka yi sharaɗi: zai zauna a gidansa muddin bai ƙara taka tsani ba. Duk Juma'a takan kira ni, ta tambayi magani, ta tambayi abinci, sannan ta ce, "Bai dai hau sama ba ko?"

Saman da take nufi wani ɗan ɗaki ne tsakanin silin da rufin gida. Ƙofarsa wani murfi ne a silin ɗin bene, a ja shi da sandar labule tsanin ƙarfe ya warware ya sauko, taki tara. Gindin tsanin yana daf da bakin matakala, wanda ya faɗo ta gefen hagu sai ƙasan gida, kan tayil. A can sama hotunansa suke, akwati a kan akwati, ƙananan hotunan filim ne da sai an ɗaga su ga haske ake ganin abin da ke ciki. Yana rubuta littafinsa na ƙarshe, kuma akwai hoto ɗaya da ya ce ba zai rufe littafin ba sai da shi: wani ɗan dako da ya goya shi kwana biyu daga kan dutse lokacin da ƙafar ta lalace. Ya manta sunan mutumin, amma ya ce ya rubuta shi a gefen hoton. Wannan mantuwa tana cin ransa fiye da ciwon gwiwa.

Ni ba zan hau ba. Ofis sun hana mu, kuma ko ba su hana ba, kujera idan na taka jiri nake ji. Shi ma ya ce ko na hau ba zan gane akwatunan ba.

Wata Alhamis na fito daga kicin na tarar ya baje igiya ja a kan kafet.

"Zo ki koyi sana'a," ya ce.

"Baba, 'yarka ta ce..."

"Ta ce kada in faɗo. Da igiya ba a faɗowa."

Akwai wani zoben ƙarfe da ya kafa a gungumen rufin tun da ƙarfinsa, da sandar labule ya zura igiyar a ciki. Baki ɗaya ya ƙulla a jikinsa. Ɗayan ya ce in zagaya da shi ta bayana, saman ƙugu. Bai taɓa ni ba, daga nesa ya nuna min, ya ce in cusa jelar mayafina cikin riga kada igiya ta ja shi. Ya sa na ɗaure jikina da wani maɗauri a jikin turken matakala. Doka ɗaya ya ba ni: hannun dama ba ya barin igiya. Ko waya ta yi ƙara, ko tukunya ta ƙone, ko atishawa ta zo min. Idan ya ce "Zan hau," ni in ce "Hau, ina riƙe." Idan ban faɗa ba, ba zai ɗaga ƙafa ba.

Na faɗa. Abin da na kasa gaya wa kowa ke nan. Da bakina na ce hau.

Ku da kuke cewa me ya hana ki ƙi, ban san a gidan da kuka tashi ba. A namu, ka iya yi wa babba ƙorafi, ka iya zumɓura baki, amma idan sa'an kakanka ya tsaya a gabanka ya ce riƙe min nan, riƙewa kake yi. Ban taɓa ganin Ummata ta ce wa tsoho sauko ba.

Sau biyar muka yi lafiya. Lafiya a wajensa. Ni kuwa duk safiyar Alhamis a taragon Salford nakan zauna ina kallon tafin hannuna kamar na wani. Yana hawa ina Ayatul Kursiyyu, in kai tsakiya in ɓace, in koma farko. Ina jin nauyinsa ta igiyar, ina jin duk inda ya tsaya ya huta. Idan ya shige ɗakin sai in ji motsinsa a kan kaina, silin yana ƙara, in riƙa tunanin yadda zan kira Birmingham in ce ga abin da ya faru, kuma ni ce a ƙasa riƙe da igiya. Washegari Juma'a 'yarsa ta kira. "Bai dai hau sama ba ko?" In ce a'a. Sau biyar na ce a'a.

Ta shida, tun a taki na uku na ga ƙafarsa ta hagu tana rawa. Ba rawar tsufa da na saba gani ba, karkarwa take yi har tsanin yana amsawa. Ya tsaya. Ya juyo ya dube ni ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ɗan jima yana dubana. Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba.

A saukowa ne. Ya rungumo akwati a hannu ɗaya, ya sa ƙafar nan a taki na bakwai, ƙafar ta ƙi. Ban ga faɗuwar ba, jinta na yi. Wani abu ya fizge ni ta baya kamar mota ta ja ni, cinyata ta bugi turke, igiya ta zube a hannuna tana ƙuna, na damƙe, ta ƙara zubewa, na damƙe da duka biyun na durƙusa. Akwatin ya daki tayil a ƙasa ya fashe. Da na ɗaga kai sai ga Baba yana lilo a sararin matakala, takalminsa ɗaya ya fita, jini yana bin gefen fuskarsa yana ɗiga a kan kafet.

Ihu na yi da Hausa. Ban san me na ce ba, Umma na kira, ina jin.

"Kina riƙe?" ya ce. Muryarsa kamar mai tambayar ko akwai sauran madara.

"Baba, hannuna! Ba zan iya ba!"

"Kin riga kin iya. Kada ki dube ni, dubi hannunki. Saki kaɗan. Kaɗan na ce, yarinya, ba buhun dankali ba ne."

Ina kuka ina saki, taƙi ɗaya, in damƙe, taƙi ɗaya. Fatar tafina ta saɓule, igiyar ta jiƙe. Abin da ya fi ba ni tsoro ba nauyinsa ba ne, yatsuna ne, na ji sun fara buɗewa da kansu ba da izinina ba. Na sa haƙori na ciji leɓena don in ji wani zafin daban. Ban san minti nawa ba ne. Da ƙafarsa ta taɓa matakala ya zauna ya jingina da bango, ya ce, "Na sauka. Yanzu ki saki." Na kasa. Sai da ya maimaita sau uku.

Na kira motar asibiti. Kafin su iso ya sa na kwance igiyar na cusa ta a kwandon wanki, na naɗe tsanin, na share hotunan da tsintsiya na zuba a leda. Shi ya tsara labarin zamewa a matakala. Da ma'aikaciyar motar asibitin ta ga hannuna na ce ƙarfen matakala ne ya goge ni. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta naɗe min shi.

Kwanansa huɗu a asibiti, ɗinki shida a goshi. 'Yarsa ta zo ta rungume ni tana kuka a kafaɗata, ta ce ba ta san da me za ta saka min ba. Furen da ta kawo min a tashar mota na bar shi.

Ranar da ya dawo gida na tarar da shi a teburin kicin, ya zazzage ledar, yana ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya ga taga.

"Ba wannan akwatin ba ne," ya ce. "Na bayansa ne, mai murfi kore. Hannunki zai warke kafin Alhamis ta sama?"

Na ajiye kofin da ke hannuna.

"Baba, ƙafarka tana rawa tun a taki na uku. Na gani."

Ya ajiye hoton. "Kin gani?"

"Na gani."

"To me ya sa ba ki ce in sauko ba? Na juyo na dube ki. Jira nake ki faɗa."

"Ni in ce maka ka sauko? Ka haifi uwata fa."

Ya kalle ni kamar na yi magana da wani yare. Sannan ya ce a kan dutse babu babba babu yaro. Mutum biyu idan suna igiya ɗaya, duk wanda ya ce a juya, an juya, ba a tambayarsa dalili, ko da saura taki goma a kai ƙololuwa. Wanda ke sama ba ya ganin kansa, girman kai ya rufe masa ido, na ƙasa shi ne idonsa. Ya ce bai gaya min ba don bai taɓa tunanin akwai wanda bai san wannan ba. Ya ce da ya ga yadda nake zagin shayinsa, ya ɗauka ya sami wadda za ta tsawata masa.

"Shayi daban," na ce.

"Yanzu fa? Me kika ce?"

"Na ce a juya."

"An juya," ya ce. Bai yi gardama ba. Ya tattara hotunan ya mayar cikin leda.

Da a nan ta tsaya da na yi barci. Amma da zan tafi ƙarfe ɗaya, na hau bene ɗauko jakata, na ga sandar labulen nan a jingine a ƙarƙashin murfin silin. Ni na ajiye ta a bayan firij da hannuna. Ya ce an juya da ni a igiya. Bai ce komai ba game da awa ashirin da yake yi shi kaɗai a gidan, ba igiya, ba mai riƙewa. Na tsaya ina kallon tayil ɗin ƙasa ta tsakanin ƙarafan matakala.

Na sauko na same shi a kicin.

"Baba, ranar Asabar zan je Birmingham. Zan gaya mata komai. Igiyar, da sau shidan, da ƙaryar da na yi mata."

"Kin san abin da za ta yi."

"Na sani."

"Za su kore ki daga aiki."

"Wataƙila."

"Ki kira ta a waya mana, ki huta da hanya."

Na ce irin wannan magana ba a yin ta a waya, da ƙafa ake kai ta, a zauna a gaban mutum ya ga fuskarka. Na ce zan roƙe ta ta turo wanda zai sauko da akwatunan gaba ɗaya, kowanne, kafin a yi maganar inda zai zauna. Ko za ta yarda ban sani ba.

Ya juya yana kallon taga, ɗinkin goshinsa yana sheƙi. Na ce masa sai da safe.

Na ɗauki sandar labulen na fita da ita. A tarago mutane suna kallona, yarinya da naɗaɗɗen hannu da sandar da ta fi ta tsawo. Da babban yatsan hagu na latsa waya na sayi tikitin motar ƙarfe takwas na safiyar Asabar. Umma kuma zan gaya mata idan na dawo.