Baba Direba da Zamanmu na Alhamis

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Da hantsin ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar darasi sai wayata ta yi ta motsi a aljihu. Ban saba ɗauka a cikin aji ba, amma da na ga lambar Sista ce, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da sashenmu a asibiti, sai na ajiye alli na fita baranda. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce, "Malam, sai haƙuri. Baba Direba lokaci ya yi." Na koma aji na ƙarasa lissafin da ke kan allo, har yau ban san abin da na rubuta ba.

Baba, kai ka hana mu ɓoye-ɓoye, don haka zan faɗi ko ni wane ne kafin in faɗi ko kai wane ne. Malamin lissafi ne ni a makarantar sakandare. Shekara huɗu da suka wuce na faɗi daga kan babur, bayana ya bugu, aka rubuta mini ƙwayar kashe zafi ta sati biyu. Ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. Daga biyu a rana na kai goma. In ban sha ba, gumi ya riƙa karyo mini, hannuna ya kasa ja layi madaidaici a allo. Matata ta tsinci fankon ƙwayoyin cushe a cikin tsohon takalmina. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce in nemi magani ko in nemi wani aikin. Ni kuwa abin da nake tsoro shi ne a kulle ni a wani gida wata shida, kowa ya sani. Yayata ce ta gano akwai sashen da ba a kwantar da mutum, ka je da safe ko da yamma a duba ka, ka koma gidanka ka kwana, gobe ka tafi aikinka. Ita ta sa ni gaba har ƙofar.

Ɗakin yana can bayan asibitin, kusa da inda ake wankin zannuwan gado, kullum yana warin sabulu da danshi. Na tarar da wani dattijo mai faɗin kafaɗa yana jera kujerun roba a kewaye. Na ɗauka masinja ne, ashe kai ne. Ka ɗago ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Kai ne malamin? Zauna nan kusa da ƙofa. Duk sabon zuwa yana son ya riƙa ganin hanyar gudu." Ban yi dariya ba a ranar. Amma a nan na zauna, kuma ban gudu ba.

Ba likita ba ne kai, ba ka taɓa bari a kira ka da haka ba. Shekara ashirin da biyu ka yi kana jan tirela, rabinsu da kwalbar giya a ƙarƙashin kujera. Da ka daina, ka je ka yi karatun ba da shawara ga masu shaye-shaye da furfurarka, cikin sa'o'in 'ya'yanka, asibitin ya ɗauke ka. Aikin a rabe yake. Likita shi ke duba jini da hawan jini, ya riƙa rage wa mutum magani kaɗan-kaɗan don kada jiki ya birkice. Sista ita ke karɓar fitsari a gwada. Kai kuma naka shi ne sauran duka: zama da mutum shi kaɗai, zaman taro ranar Litinin da Alhamis, da zaman iyali sau ɗaya a wata. Kakan ce mana, "Wanda aka kwantar, katanga ke tsaronsa. Ku ba ku da katanga. Kullum sai kun bi ta gaban shagon da ya san sunanku."

A zamanmu na farko mu biyu, ka miƙo mini takarda ka ce in zana hanyata daga makaranta zuwa gida. Na zana. Ka ce in sa alama duk inda na taɓa sayen ƙwaya. Kemis uku ne a tafiyar minti ashirin. Ka ɗauki biro ka ja wata hanya ta bayan filin ƙwallo, mai tsawo, mai ƙura, ba inuwa. Ba ka tsaya a zane ba. Kwana tara a jere ina tashi daga aiki in same ka a bakin ƙofar makaranta, mu taka tare, kana ba ni labarin tayoyin da suka fashe maka a daji. Rannan aka tare hanyar ana gyaran kwalbati, dole muka bi tsohuwar. Mai kemis na tsakiya ya hango ni, ya washe baki, ya ce, "Malam, kwana biyu! An kawo irin naka fa." Ka kama wuyan hannuna ka matse har sai da na ji zafi, ka ce masa, "Ya gode, ya koma shan shayi." Ba ka sake ni ba sai da muka sha kwana.

A wata na biyar na faɗi. Na sha ƙwaya kwana uku a jere, ga gwajin fitsari ranar Litinin. Na shiga banɗaki na tsiyaya ruwan famfo a kwalbar gwajin, na ɗiga ɗan shayi don ya yi launi. Sista ba ta nan, kai ka karɓa. Ka juya kwalbar a tafin hannunka, ka ji ta sanyi ƙalau, ka ce, "Malam, in wannan daga jikinka ya fito, to gawa ce ke tsaye a gabana." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ka kore ni ba, ba ka yi mini wa'azi ba. Ka jawo kujera ka ce in faɗa maka ƙarfe nawa ne, wa na gani, me aka faɗa mini kafin in sha. Muka bi ranar daki-daki har muka iso inda abin ya faro: wani abokin aiki ne ya kira ni ɗan ƙwaya a gaban mutane cikin raha. Ka koya mini abin da ka koya wa kowa, cewa in sha'awar ta taso in ba ta minti goma sha biyar ina tsaye, in bar wurin, in kira wani. Ka rubuta lambarka a bangon littafina.

A zaman iyali na kai ƙarar matata, na ce har yanzu tana laluba aljihuna in na cire riga. Na zaci za ka goyi bayana. Ka juya wajenta ka ce, "Ki ci gaba da lalubawa, 'yata. Ba shi zai yanke miki ranar da za ki yarda da shi ba." Sannan ka ba mu labarin babbar 'yarka. Tana da shekara goma sha huɗu ka ɗauko ta daga makaranta a ƙaramar mota, kana buge, ka afka gefen gada. Kai ko ƙwarzane ba ka yi ba. Ita har yau tana jan ƙafar hagu. Tun daga ranar ba ka ƙara sha ba, ita kuma tun daga ranar ba ta ƙara kiranka Baba ba. Tana gaishe ka yadda ake gaida maƙwabci. Ka faɗi wannan ba tare da neman a tausaya maka ba, ka ce haƙƙinta ne.

Ba duka muka tsira a hannunka ba, kuma ba ka taɓa ɓoye mana hakan ba. Akwai Tela, mai yawan barkwanci, wanda ya yi wata bakwai bai taɓa komai ba, har ya ɗinka maka riga don murna. Sau nawa ka gaya mana cewa jikin da ya huta ba zai iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da ba, wanda ya koma kan tsohon ma'auninsa yana iya tafiya a shan farko. Tela ya koma, sau ɗaya tak. Da azahar aka same shi a shagonsa tsakanin keken ɗinki da bango, tef ɗin awo a wuyansa. A zaman Alhamis ɗin da ya biyo baya ka ce, "Abin nan ba ya fushi, ba ya gaggawa. Yana zaune yana jiran ranar da za ku ce kun warke."

Ashe kai ma yana jiranka, ta wata ƙofar. Bara muka fara ganin farin idonka ya koma rawaya. Ƙafafunka suka kumbura har ka tsaga saman takalminka da reza. Cikinka ya fito, kafaɗun nan suka zube. Mun gani, ba mu tambaya ba, kowa na tsoron amsar. Kai da kanka ka faɗa mana: hanta ce, ɓarnar shekarun baya ce ta taso. Wani sabon zuwa, mai zafin kai, ya ce, "To Baba, meye amfanin dainawar, tunda ga shi bai ƙyale ka ba?" Muka yi masa caa, ka ɗaga hannu ka ce a bar shi, tambaya ce mai kyau. Ka ce, "Shekara goma sha tara ina tashi da safe na san abin da na yi jiya. Ba wanda ya ƙara ɓuya a gidana don ya ji motsina. In wannan kaɗan ne a wurinka, ni ya ishe ni."

Ka ci gaba da zuwa har sai da hawa matakala uku na ƙofar ya gagare ka. Da aka kwantar da kai, a makon ƙarshe hankalinka ya riƙa zuwa yana tafiya. Ina wurin ranar Lahadi da yamma lokacin da babbar 'yarka ta shigo. Na gane ta da tafiyarta. Ta daɗe tsaye a ƙarshen gadon, sannan ta zauna, ta jiƙa tsumma ta goge maka baki. Ta sunkuyo ta ce, "Baba." Sau biyu ta faɗa. Ka buɗe ido ka dube ta, ka ce, "Sista, a buɗe ɗakin mana, mutanena suna jira a waje." Ba ta gyara maka ba. Ta ce, "To, za a buɗe," ta ci gaba da goge maka goshi. Na fita don ba zan iya kallo ba.

Yanzu bari in ba ka labarin bayanka, tunda ba ka son a rufe maka komai. Ranar Alhamis, kwana biyu da binne ka, mun taru. Mu goma sha huɗu ne a da, mu tara muka zo. Sista ta zauna da mu minti ashirin aka kira ta wani sashe. Muka zauna muna kallon juna, ba wanda ya san yadda ake buɗe magana. Likita ya ce za a nemo wani a madadinka, bai san yaushe ba. Muna kuma jin ƙishin-ƙishin cewa ana so a mayar da ɗakin ma'ajiyar fayil. Ranar Litinin mu bakwai ne.

Ni kaina, ranar Juma'a na tashi daga makaranta, ban ankara ba sai na gan ni a tsohuwar hanya, tsaye a tsallaken titi daura da kemis na tsakiya. Shekara biyu da wata takwas rabona da wurin. Mai shagon ya gan ni. Bai kira ni ba, ya dai ɗaga hannu, ya bar shi a sama. Na ciro waya na danna lambar da hannuna ya saba dannawa, sai da ta fara ringi na tuna ba ka nan. Mama, matarka, ita ta ɗauka. Ta ce, "Malam ne ko? Kana ina?" Na faɗa mata. Ta ce, "To juya masa baya, ka yi ta tafiya, kada ka kashe. Faɗa mini abin da kake gani a gabanka." Haka ta riƙe ni a waya, ita da ke cikin makokinta, ina lissafa mata shagon aski, da mai faci, da rijiyar burtsatse, har na iso ƙofar gidana. Na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce shekarun nan duka tana jin ka kana faɗa wa mutane haka daga tsakar gida.

Na tsira ranar. Ban san na gobe ba, kuma ba ni kaɗai ke da lambarka ba. Akwai Mai Walda, wanda watansa uku kacal da daina sha, wanda kake kira kullum ƙarfe huɗu don ka san lokacin ne abin ke taso masa. An gan shi a maƙabarta yana tsaye nesa da mutane. Bai zo Alhamis ba, bai zo Litinin ba. Mun je wurin aikinsa mun tarar da kwaɗo a ƙofa. Matarsa ta ce ya fita da safe washegarin jana'izar, ya ce zai je sayen ƙarfe. Wayarsa a kashe take.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka san shekarunsa na farko, Ka san na ƙarshe. Ka yafe masa waɗancan, Ka karɓi waɗannan, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi a gare shi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya shi cikin waɗanda suka tuba Ka karɓa. Ka jiƙan Tela tare da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da abin da bakina ba zai iya biya ba. Ga 'ya'yansa da jikokinsa, musamman babbar 'yarsa: ina shaida miki, ni da na zauna da shi shekaru, bai taɓa ambatonki da ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ga Sista da Likita da duk ma'aikatan sashen, Allah Ya ba ku ladan ɗawainiya da mu, Ya ba ku ikon riƙe ƙofar nan a buɗe. Ga 'yan'uwana na zaman Alhamis, ku zo, ko ba mu san abin da za mu ce ba.

Yau kwana tara ba wanda ya ji ɗuriyar Mai Walda. Gobe da safe za mu sake fita nemansa, mu huɗu. Allah Ka sa a cikin masu rai za mu same shi. Amin.