Zanen Kakan Maƙwabciyata

Maƙwabciyata a Bowie tsohuwa ce, Baturiyar Ingila. Aure ya kawo ta Amurka, mijin ya rasu, ba ɗa ba jika. Tun da likita ya hana ta tuƙi, ni nake kai ta cefane.

A falonta akwai wani babban zane na kakan mahaifinta, mutum mai dogon saje da baƙar kwat, hannunsa a kan kare. Ta ce mai ƙasa ne a zamanin sarauniyarsu mai dogon zamani, tun Turawa ba su iso ƙasarmu ba. Ƙauyuka uku ke noma gonakinsa, ga shi ɗan majalisa a Landan. 'Ya'ya tara ya haifa, zazzaɓin gurɓataccen ruwa ya kwashe uku a shekara guda. Daga nan ya bar farauta, in ya miƙe a majalisa ba shi da zance sai ruwan sha na ƙauyuka, har abokansa na yi masa dariya. Bayan ransa babban ɗansa ya sayar da gonakin. Zanen nan kaɗai ya iso hannunta.

Da za ta koma gidan tsofaffi a Laurel, ɗakin da aka ba ta ya yi ƙanƙanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ajiye min shi a wajenki. Kada ki bar shi a duhu."

Na ce to.

A lokacin surukata na zaune da mu. Tana ganin na shigo da shi ta ce, "Ke yanzu ƙaton Bature za ki rataya mana a inda muke salla?" Na naɗe shi da tsohon bargo, na jingine a gareji bayan firiza, da niyyar kafin mako in san yadda zan yi.

Duk Asabar ɗin da na je Laurel sai ta tambaya, "Ina kika sa shi?"

"Kusa da taga," in ce, idona a ƙasa.

"Madalla. Zai ji daɗin hayaniyar yaranki."

A hanyar dawowa ko rediyo ba na iya kunnawa.

Wata shekara aka tafka ruwa har ya shiga garejin. Da na warware bargon, sai wari ya buge ni. Fuskar na nan, amma ƙasan zanen ya yi fumfuna, karen ya saɓule. Mai gyaran zane da na kai wa ya ce fuskar za ta tsira, karen kuwa sai haƙuri.

Na je Laurel na durƙusa gaban kujerar tsohuwar na faɗa mata komai. Sai dai a lokacin mantuwa ta riga ta ci ƙarfinta. Ta dube ni da murmushi, ta ce, "Wane kare?" Sannan ta roƙe ni in miƙo mata ruwa, a zatonta ni ma'aikaciyar gidan ce.

Da na dawo gida, surukata ta tarar da ni ina kuka a kicin. Na kwashe labarin na ba ta. Sai ta ce, "Haba 'yar nan. Ai ba ki ce min amana ba ce. Da an nema masa wuri a sama, ko a hanyar bene."

Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa gaya mata ba.